Jadawalin Injiniya da Wandunan Masu Gadi

Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, babu wanda ya taya shi. Kwas ɗin kwamfuta ya shiga, bai kai ƙarshe ba ya fito, wai malamin ba ya iya bin sa. Tun daga nan duk wanda ya kira shi da wani suna sai ya yi kamar kunnensa ya toshe. Mutum ɗaya ce ta gagare shi, yayarsa tela, wadda ta goye shi yana jariri, ta share masa majina har ya shiga makaranta. Ita Auta take ce masa, ko a gaban wa.

"Yaya, don Allah in da mutane ki riƙa cewa Injiniya."

"To, Auta. Miƙo min almakashi."

Shagon Yaya ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin shagon aski da kemis. Keken ɗinki biyu, teburin yanka, dutsen guga, sai wani labule mai manyan furanni ja da ruwan ɗorawa da ya kare wurin gwaji. Shekara da shekaru tana facin gwiwa da rage ƙugu da canja zif, sai ga sa'a ta faɗo mata. Ana shirin buɗe wani katafaren kanti a bakin babban titi, matar da ke da shi ta ba ta ɗinkin kayan masu gadi, riga da wando, mutum goma sha biyu. Ta aiko da yadi ruwan toka daidai yadda zai isa. Ta kuma ce in aikin ya yi kyau, kayan dukan ma'aikatan kantin na Yaya ne, daga masu shara har masu jera kaya, kowace shekara. In bai yi ba, ga wani tela can a tsallaken titi, wanda tun ranar da Yaya ta buɗe shago yake jiran ranar da za ta rufe.

Injiniya na jin haka ya miƙe daga kan bencin da yake kwana a kai da rana.

"Yaya, wannan aiki ya fi ƙarfin alli da bayan kwali. Kamfani ba ya son ƙauyanci. Ki bar min awo, ki riƙe keke."

"Alli da bayan kwalin ne suka ciyar da kai."

"Sun yi nasu zamanin. Yanzu lissafi ake yi."

Da so samu ne da Yaya ba ta yarda ba. Amma masu gadin suna can wani fili a bayan gari ana koya musu fareti, ita kuma in ta rufe shago yini guda masu kaya za su cinye ta ɗanya. Ga shi dangi sun ishe ta da cewa ƙanenta ba shi da sana'a sai surutu, ita kaɗai ke kare shi. Ta sa shi ya auna ta, ya auna mai aski, ya auna ƙafar tebur, har ta ga hannunsa ya faɗa. Sannan ta rataya masa tef a wuya ta ce, "Kowace lamba ka ƙara mata inci biyu. Rarar ɗinki ke nan da ta numfashi. Inci biyu, Auta, ba uku ba."

"Ba ni zan ƙara ba. Akwai mai ƙarawa." Ya shafa kwamfutarsa.

A yi masa adalci, awon ya yi shi daidai. Da ya je filin, ya auna ƙirji da ƙugu da hannu da tsawon wando, bai kuskure ko ɗaya ba. Ya zauna a inuwa ya buɗe takardarsa a kwamfuta, irin ta rubutu zalla wadda ba launi ba ado. A sama ya jera jadawali, kowane layi mutum ɗaya da lambobinsa, ya raɗa wa jadawalin suna awo. A ƙasa ya killace 'yan layukan umarni, a bakinsu ya rubuta cewa a ɗauko awo a miƙa musu. Aikin umarnin guda ne, ya bi kowace lamba ya ƙara mata biyu. Ka danna madanni, sabon jadawali ya fito a ƙasa, tsohon yana nan a sama ba a taɓa shi ba. Da ya bar abin haka, da yau ba mu da labari.

Yana cikin sha'awar aikinsa sai ga mutum tsaye a kansa. Shugaban masu gadin ne, tsohon soja da ake ce wa Kwamanda, gajere mai tumbi, wanda ko gaisuwa da tsawa yake yin ta.

"Ina sunana?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe, layi na biyu."

"Wane ne a samana?"

"Ba mutum ba ne. Layin take ne, shi ke nuna nan ƙirji, nan ƙugu, nan hannu."

"Ƙugu ne a samana?"

"A tsarin kwamfuta..."

"A wannan fili babu wanda yake samana. Cire shi."

Injiniya ya goge layin take, Kwamanda ya hau sama, aka rabu ana mutunta juna. Abin da ya manta shi ne, tun farko ya riga ya gaya wa umarnin cewa layin farko take ne, a ajiye shi gefe, in an gama a mayar da shi yadda yake. Umarni kuwa bai san soja ba. Daga ranar ya ɗauki Kwamanda a matsayin take, ko rabin inci bai taɓa ƙara masa ba.

Ɓarna ta biyu a mota ya tafka ta, a hanyar dawowa. Ya dubi takardar ya ga jadawali biyu, na sama da na ƙasa, ya ja tsaki. Wannan ai ɓarnar wuri ce, aikin 'yan koyo. Ya ɗauko alamar da ke nuna inda sakamako zai sauka, ya ɗora ta a kan jadawalin farko. Yanzu umarni zai ɗauki awo, ya ƙara biyu, ya zuba a kan awon. Wanda ya zuba ɗin shi zai sake ɗauka in an sake dannawa. Injiniya ya danna, lambobi suka yi tsalle suka zauna, ya yi murmushi har mai zama kusa da shi ya matsa.

Bai shiga shagon Yaya ba, wurin mai aski ya fara faɗawa. Mai aski tsoho ne da ya san shi tun yana kuka a kujerar aski, kuma ba ya yarda da duk abin da ba ya iya wasa shi a dutse.

"Baba, ajiye reza ka ga inda duniya ta kai."

Ya buɗe, ya yi bayani mai tsawo, ya danna. Mai aski ya sunkuyo.

"Na ga lambobin sun motsa."

"Aiki suke yi. Ka taɓa ganin inji yana aiki bai motsa ba?"

"Ɗazu kamar talatin da wani abu na gani a nan."

"Baba, idonka na gashi ne, ba na lissafi ba."

Wanda ake yi wa aski ya ce shi bai gani ba, kumfa ta rufe masa ido. Injiniya ba ya rowar ilimi. Ya jira aka goge masa, ya sake dannawa.

Daga nan sai kemis. Mai kemis wata ce mai gilashi da dariya ƙasa-ƙasa, wadda Injiniya ya daɗe yana sayen maganin ciwon kai a wurinta ba tare da kansa ya taɓa ciwo ba. Ya ɗora kwamfutar a kan kantar kemis ɗin, ya gyara kwala.

"Kin ga wannan? Aikin da Yaya za ta yini tana yi da alli, ni ƙiftawar ido."

Ya danna.

"Ban kama ba. Sake in gani."

Ya sake.

"Ni ma zan iya?"

Ya nuna mata madannin da ɗan yatsa, ta danna, lambobi suka yi tsalle, ta yi dariya. Ya fito daga kemis ɗin yana jin ƙasa ta yi masa laushi, ya manta ma bai sayi maganin ba.

Da aka buga jadawalin a takarda ya kai wa Yaya, ta sa gilashinta ta duba, ta cire ta goge, ta sake dubawa.

"Auta, mutane ka auna ko ƙofofi?"

"Yaya, kin gan su?"

"Ban gan su ba."

"To ni na gan su. Ƙattai ne. Kantin da ya kai wannan girma ai ba za a ɗauko masa 'yan tsaki ba."

"Wannan tsawon wandon, in na tsaya a ciki sai dai a neme ni."

A nan ya kamata ya tsaya ya tuna. Wani abu ma ya ɗan taɓa shi a ƙirji, don ya san akwai wani siriri a cikin masu gadin da tef ya kusa zagaye shi sau biyu. Amma mai aski na tsaye a bakin ƙofa yana sauraro, kuma Injiniya ya gwammace ya haɗiye tef ɗin da ya ce bari in duba a gaban mai aski.

"'Yan ƙwallon kwando ne da. Mai kanti da kanta ta je ta zaɓo su."

"Wannan na farkon fa? Shi kaɗai gajere."

"Shi ne shugabansu. Shugabanci ba da tsawo ake yi ba."

Yaya ta ajiye takardar. Sannan ta ce, "Na yarda da kai," ta ɗauki almakashi.

Yadi dai ba ya jin bayani. Ana kaiwa mutum na tara Yaya ta ga abin da ya rage ba zai kai ba, hankalinta ya tashi. In ta koma wurin mai kanti neman ƙari, ai an ce tela ta ci yadi ke nan, kuma babu zagin da tela ke tsoro kamar wannan. Ta zauna ta yi tagumi. Injiniya ya zaga shago hannu a baya, ya tsaya a gaban labulen gwaji.

"Yaya, ƙasan riga ina yake shiga?"

"Cikin wando."

"Wa ke ganin sa?"

Ba ta so ba, amma dabara ce da teloli suka sani. Aka sauke labule. Ta koma ta rage gindin rigunan da ta riga ta yanka, ta haɗa wa na baya da abin da ta samu, ta cike ƙasan kowace riga da furanni ja da ruwan ɗorawa, daga ƙugu zuwa ƙasa, inda bel zai rufa asiri. Rigar Kwamanda ce kaɗai ta tsira, don ita ba ta ci yadi ba.

"Je ka kira min su gwaji," in ji Yaya.

Injiniya ya je, ya tarar da Kwamanda yana tsawa. Ya gaya masa cewa kayan da lissafi ya yanka ba a gwada su, gwaji na masu shakka ne. Kwamanda ya ce shi ma ba ya son a ɓata masa fareti. Injiniya ya dawo ya ce wa Yaya sun ce ba su da lokaci. Aka goge kaya, aka naɗe kowane a ledarsa, aka kai su da safiyar ranar buɗewa.

Gaban kantin ya cika maƙil. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaure jan ƙyalle a bakin ƙofa, ga wani ƙaton allo a bango yana nuna tallar kaya. Yaya ta sa rigarta ta fita kunya ta zauna a layi na biyu. Mai aski ya rufe shago ya zo, mai kemis ma ta zo. Telan tsallaken titi, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya samu kujera a gaba ya harɗe ƙafa. Injiniya kuwa, kwamfuta a hammata, ya riga ya raɗa wa mai gabatarwa magana a kunne.

"Jama'a," in ji mai gabatarwa ta lasifika, "kayan da za ku gani a jikin masu gadinmu, an ce in sanar da ku ba da hannu aka auna su ba. Lissafin kwamfuta ne, aikin Injiniya, ga shi can. Injiniya, ɗaga hannu."

Ya ɗaga duka biyun, kwamfutar ta kusa faɗuwa.

Aka busa usur. Shiru. Aka sake busawa. Daga cikin sito aka jiyo muryar Kwamanda, amma a shaƙe, kamar an danne shi da katifa. Sannan ƙofa ta buɗe.

Kwamanda ne a gaba, yana tafe da ƙananan taku, hannuwansa a buɗe don ba sa saukowa. Rigar ta kama shi ta ko'ina, tsakanin maɓalli da maɓalli singileti na leƙowa. Fuskarsa ta kumbura, don tun a sito ya ja numfashi ya riƙe bai sake ba. A bayansa sai ga riguna goma sha ɗaya suna tafiya. Sai ka lura sosai za ka gane akwai mutane a ciki. Kafaɗa ta sauko gwiwar hannu, hannun riga ya haɗiye yatsu ya wuce yana reto. Wando kuwa kowa ya naɗe ƙafarsa ya yi gammo a idon sawu, bel ya zagaya ya rasa abin kamawa. Kowannensu ya damƙe ƙugun wandonsa da hannun dama ta cikin hannun riga, yana jefa ƙafa.

Wata tsohuwa a baya ta tambaya da ƙarfi ko 'ya'yan masu gadin ne aka fara fitowa da su.

Yaya ta rufe baki da gefen mayafi. Telan tsallaken titi ya sauke ƙafarsa ya gyara zama, don kada wani abu ya wuce shi.

Injiniya ya matso kusa da mai kemis. "Sabon yayi ne. Iska na shiga."

"Har da mai gadin ma iska za ta iya fita da shi."

Aka iso gaban mai kanti, mace mai natsuwa da ba ta cika magana ba, tana riƙe da almakashin yanka ƙyalle. Kwamanda soja ne, ko a wane hali sai an cika ƙa'ida. Ya tsaya, ya buɗe baki, ya saki numfashin da ya riƙe ya ja sabo.

"A ƙame. A sara."

Maɓallin tsakiya ya tashi ya bugi lasifika, ƙarar ta zaga filin. Masu gadi kuwa horo ya riga ya shige su. Hannayen dama goma sha ɗaya suka saki abin da suke riƙe da shi suka tafi goshi. Wanduna goma sha ɗaya suka sauka tare, a natse, babu wanda ya riga wani. Kunya dai ba a ga ta kowa ba, don rigunan sun kai gwiwa. Abin da aka gani furanni ne, ja da ruwan ɗorawa, jere reras daga wannan gefe zuwa wancan.

"Labulen gwaji," in ji mai aski. "Na san shi. Ga ma inda guga ta ƙona."

Almakashi ya suɓuce daga hannun mai kanti. Kwamanda, da ke gaba bai san abin da ya faru a bayansa ba, ya sunkuya don ya ɗauko mata. Ƙarar da wandonsa ya yi ba ta buƙaci lasifika ba.

Dariya ta ɓarke. Masu ɗaukar hoto suka yi ta aiki. Mai kanti ba ta yi dariya ba, ta juya ta nemi Yaya da ido.

"Tela, zo."

Yaya ta miƙe. Amma kafin ta kai, Injiniya ya riga ta.

"Ranki ya daɗe, ba laifin ɗinki ba ne, ba kuma na awo ba. Horon ne ya yi musu yawa, sun rame."

"Har tsawon ƙafarsu ya rame?"

"Rana tana sa mutum ya motse."

"Shi kuma wannan?" Ta nuna Kwamanda, wanda ya juya bayansa ga bango.

"Wataƙila shi ke cinye rabonsu."

Sai da mutum biyu suka riƙe Kwamanda, su ma da hannu ɗaya-ɗaya.

"Auta, yi shiru," in ji Yaya a hankali.

Ina. Mai kemis na kallo. Injiniya ya ɗaga kwamfuta sama. "Mutum na ƙarya, wannan ba ta yi. A ba ni waya in haɗa da allon can, kowa ya gani da idonsa."

Aka ba shi. Tallar kaya ta ɓace, jadawali ya bayyana a bango, kowace lamba ta kai girman kan mutum. Ya yi bayani da muryar malamai. Ga awo a sama, ga umarni a ƙasa, ga inda ake miƙa masa awon. Inci biyu kacal yake ƙarawa, yadda tela ta ce.

"Ku duba da kyau."

Ya danna. Lambobin suka yi tsalle, kowace ta hau biyu.

"Kun gani? Biyu."

Siririn mai gadin nan ya tako yana jan wando a ƙasa, ya ɗaga hannun riga mai reto ya nuna layinsa. "Wannan ƙuguna ne? Ai ko ni da matata muka shiga ba mu kai haka ba."

"Injiniya," in ji mai aski, "sake dannawa."

"Ba sai an..."

"Sake," in ji mai kanti.

Ya danna. Suka ƙara hawa biyu. Wannan karon jama'a da kansu suka karanta da baki ɗaya. Wani daga baya ya ce a sake, a ga ko za su kai ɗari.

Injiniya ya tsaya yana kallon bango. Ya ga shagon aski, ya ga mai kumfa a ido, ya ga kantar kemis da ɗan yatsa mai jan farce a kan madanni.

"Ashe ni ma na ɗinka nawa inci biyun," in ji mai kemis. Ta yi dariyar nan tata ta ƙasa-ƙasa, wannan karon ba ta yi masa daɗi ba.

"Nawa fa?" Kwamanda ya yi tsawa daga jikin bango. "Me ya sa layina ba ya motsi?"

"Ai kai ka ce a sa ka a sama, ranka ya daɗe. Na sama ba a taɓa shi."

Waɗanda ke riƙe da Kwamanda suka ga gara su saki wando su kama shi da hannu biyu.

Mai kanti ta ɗaga hannu aka yi shiru. "To a mayar da su awon farko."

"Sai a cire, ranki ya daɗe. Abu ne mai sauƙi. In rubuta wani umarnin da zai..."

"A cire nawa? Sau nawa ka danna?"

Ya buɗe baki. Mai aski ya ce shi dai a shagonsa biyu ne. Mai kemis ta ce nata uku. Mai gabatarwa ya ce ɗazu ma da safe ya nuna masa. Injiniya ya tuna wasu da ya yi shi kaɗai a ɗaki, don kawai ya ga tsallen, bai ma san ko kafin a buga takarda ne ko bayan an buga ba. Ya rufe bakin.

Mai kanti ta dubi Yaya, muryarta ba faɗa. "Ɗinkinki mai kyau ne. Na duba wandon wancan, yadin ne ya yage, zarenki bai saki ba. Ki rage waɗannan, ki cire min furannin. Amma sauran kayan ma'aikata ba zan iya ba wa shagon da ba a gwaji ba." Ta juya wajen kujerun gaba. Telan tsallaken titi ya riga ya miƙe, har da tef a aljihu, wai dama ya fito da shi ne bisa tsautsayi.

A ƙafa suka koma, Yaya a gaba da ƙullin kaya a ka, shi a baya da kwamfuta. Ya jira faɗa. Ya shirya amsoshi ma, masu kyau, tun daga bakin titi. Faɗan bai zo ba. A shago ta zube kayan a teburin yanka, ta tsaya tana kallon igiyar da labule yake rataye a kai a da. Ya ga ta share ido da bayan hannu, abin da bai taɓa gani ba ko ranar da aka yi mata sata.

"Yaya, in an duba ta wani ɓangaren, hangen nesa ne. Masu gadi suna ƙiba. Nan da shekara..."

Ta buɗe aljihun keke ta ɗauko reza ta ajiye a gabansa.

"Kowane ɗinki za ka farke shi, zare-zare, kada ka taɓa yadi. Ka fara da furannin, Injiniya."

Ya ɗago kai. Shekaru yana roƙon wannan suna daga bakinta, yau ga shi ta ba shi, babu ko mutum ɗaya a wurin da zai ji. Ya zauna a benci ya ja riga ta farko. Ya farke hannu guda, ya farke kwala, shagon shiru sai ƙarar reza.

"Yaya."

Ba ta juyo ba.

"Yaya, ki ce Auta mana."

Ta ci gaba da jera fil a bakin tebur. Can mai aski ya leƙo kansa ta ƙofa, fuskarsa cike da annashuwa.

"Injiniya, ka yi baƙo. Kwamanda ne, ya ɗaura tawul. Ya ce tunda kwamfuta ta cuce shi, kai da hannunka za ka sake auna shi, kuma daga ƙugu za ka fara."

"Ka ce ba na nan."

"Ya gan ka. Ya kuma zo da kulkinsa."

Injiniya ya dubi Yaya. Ta ciro tef daga wuyanta ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba, ta ɗora guntun alli da bayan kwali a kai.

"Inci biyu," ta ce. "Sau ɗaya."